Gidan Kula Da Tsofaffi: Yadda Ake Gane Na Ƙwarai Da Na Kwaskwarima

Ranar da muka fara zuwa duba gidan da za a kwantar da Goggo bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki, wallahi ɗakin karɓar baƙinsu kaɗai ya isa ya sa mutum ya sa hannu a takarda bai karanta ba. Kujeru masu laushi, furanni, ƙasa sai ƙyalli take, ga wata mata mai fara'a tana ta zagayawa da mu tana nuna mana lambu da ɗakin motsa jiki. Muka fito muna cewa alhamdulillah an dace. Sai bayan kamar sati 3 na koma ni kaɗai ranar Lahadi da yamma ban sanar da kowa ba, na tarar leɓɓanta sun bushe har sun tsattsage, ga kuma kofin ruwa cike fal a kan teburin gefen gado. Na ce "Goggo ga ruwa ai, me ya hana ki sha?" Ta dube ni ta ce "Ɗan nan, da wane hannun?" Ashe a ɓangaren hannun da ya shanye aka ajiye mata shi. Kuma a takardar da ke rataye jikin gadon an rubuta an ba ta ruwa ƙarfe 2. Ba ƙarya aka rubuta ba fa, an kawo ruwan, shan ne dai ba a yi ba.

Toh tun daga ranar na daina yarda da abin da ido ke gani a ƙofar shiga, na koma bin diddigin yadda ake auna ingancin irin waɗannan gidaje, kuma abin da na gane shi ne maganar tana da sarƙaƙiya fiye da yadda ake zato, domin takarda daban, gini daban, abin da ke faruwa da tsoho a kan gadonsa ƙarfe 3 na dare kuma daban.

Bari mu fara raba ɗaya biyu. Ba kowane gidan tsofaffi nake nufi ba. Akwai wanda tsofaffin cikinsa da sauran ƙarfinsu, taimako kaɗan kawai suke buƙata. Wanda nake magana a kai shi ne mai nas dare da rana, inda ake kai mutanen da ba sa iya wanka ko cin abinci ko zuwa bayi da kansu, masu cutar mantuwa, masu shanyewar jiki, waɗanda suka karye a kwatangwalo. Mutanen da mafi yawansu ba za su iya kai ƙara ba ko an cuce su, wasu ma ba za su tuna an cuce sun ba. Shi ya sa auna inganci a nan ya fi na otal ko na shago wahala, wanda ake yi wa hidimar ba koyaushe yake iya ba da shaida ba.

Akwai wani likita masanin harkar lafiyar jama'a, Avedis Donabedian, da tun 1966 ya ce in za ka auna kulawar lafiya ka dubi abu 3: me aka tanada, me ake aikatawa, sannan me ya biyo baya a jikin majinyaci. Har yau kusan duk hukumomin sa ido a kan wannan suke tafiya. In ka ɗora labarin Goggo a kai sai ka ga an tanadi kofi da ruwa, an aikata kawowa, amma abin da ya biyo baya shi ne busasshen baki. Mu 'yan uwa yawanci a na farkon muke tsayawa saboda shi ne mai sauƙin gani, masu gidan su ma sun san haka, shi ya sa kuɗin ke tafiya wajen fenti da labule.

A cikin abubuwan da ake tanada ɗin guda ɗaya ne ya fi sauran duka, ma'aikata. Ba likita ba ma, likita jefi-jefi yake leƙowa. Ba manaja ba. Mataimakan nas, su ne masu wanka, masu canza famfas, masu juya mutum a gado, masu ba da abinci a baki, kuma suna cikin masu mafi ƙarancin albashi a gidan. A Amurka dokar tarayya awa 75 kacal ta gindaya a matsayin mafi ƙarancin horon da za a ba su, ka ji fa, a hannunsu kuma rayuwar tsohon take.

Mu yi ɗan lissafi ka ga inda gizo ke saƙar. A ce mataimakiya ɗaya an ba ta mutum 15 da safe, kowane ɗaya yana buƙatar minti 20 na tashi, bayi, wanka, goge baki, sa kaya. Minti 300 ke nan, awa 5, kafin ma a zo maganar ciyarwa ko wani ya yi kashi a gado a sake sabon aiki. Ko waliyyiya ce dole ta yanke wani abu, kuma abin da ake yankewa kullum shi ne wanda ba a gani nan take: goge baki, tsayawa a ga mutum ya sha ruwa, kai shi bayi maimakon a ce "yi a famfas ɗin kawai", zama a yi masa hira na minti 2. Don haka sau da yawa abin da muke kira rashin imani ba mugunta ba ce, ƙarancin hannu ne, kodayake ga tsohon da ke kwance cikin fitsari duk ɗaya ne.

Masana suna auna wannan da awannin kulawa da kowane mazauni ke samu a rana. Wani bincike da hukumar CMS, mai kula da inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ta sa aka yi a 2001 ya nuna in aka yi ƙasa da kamar awa 4.1 a rana ga kowane mutum, matsaloli sukan fara ɓullowa. Gida mai mutum 100 ke nan yana buƙatar awa 410 na aiki kullum, wajen diyuti 51 na awa 8. A 2024 gwamnatin Amurka ta fitar da ƙa'idar awa 3.48, wanda bai ma kai wancan ba, duk da haka masu gidajen suka garzaya kotu, wata kotun tarayya a Texas ta soke ƙa'idar a 2025. Ostireliya kuwa bayan babban kwamitin binciken da ta kafa a 2018 ya tono irin sakacin da ake yi, ta wajabta minti 200 na kulawa a rana daga Oktoban 2023, aka ƙara zuwa 215 a 2024, da kuma cikakkiyar nas a gida awa 24. Na kawo waɗannan ne don ka san tambayar "ku nawa ne a diyutin dare" ba ƙaramar tambaya ba ce, gwamnatoci ma a kanta suke fafatawa.

Kuma kar ka tambayi manaja kaɗai. Manaja zai ba ka adadin da ke kan takarda, wanda wani lokaci har da masu aikin ofis a ciki. Ka tambayi mai aikin da ka gani a baranda, cikin ladabi, "'yar'uwa sannu da aiki, yau mutum nawa ne a hannunki?" Sai ka ƙara da tambaya ta biyu wadda ni a wurina ta ma fi ta farko: "shekararki nawa a nan?" Wani bincike da aka buga a mujallar Health Affairs a 2021 ya gano cewa a gidajen Amurka, matsakaicin gida yana canza wajen kashi 94 cikin 100 na ma'aikatan jinyarsa a shekara guda. Wato da yawa daga cikin fuskokin da ka gani bana baɗi babu su. Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Saboda tsohon da ba ya iya magana, wanda ya saba da shi ne kaɗai zai gane yau ba daidai yake ba, yau bai yi murmushin da ya saba ba, yau ya ture cokali. Sabuwar zuwa ko wadda aka ɗauko haya daga kamfani na kwana 2 ba ta san yadda yake jiya ba balle ta gane ya canza. In ka tambayi mutum 4 duk suka ce wata 2, wata 3, ga manajan ma sabo, toh ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu mu zo kan jiki, domin jiki magayi. Duk abin da takarda ta ɓoye fata ba ta ɓoyewa.

Gyambon kwanciya shi ne babban mai tona asiri. In mutum ya daɗe a kwance ko a zaune ta gefe ɗaya, nauyin jikinsa yana danne ƙananan jijiyoyin jini tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya fara mutuwa, kuma cikin 'yan awanni abin ke iya somawa. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasan baya wajen ƙugu, dunduniya, kwatangwalo, gwiwar hannu, ƙeya, har bayan kunne in robar iskar oksijin na gogar wurin. Ana kasa shi mataki 4. Na farko fata ba ta fashe ba, launi ne kawai ya canza kuma in ka danna da yatsa ba ya washewa. Na 4 kuwa rami ne da ya kai ga tsoka ko ƙashi, wanda kan iya kai ƙwayoyin cuta cikin jini ya yi kisa. Ga wani abu da ya kamata a kula da shi sosai: littattafan koyarwa da yawa "ja" suke cewa a nema, alhali a baƙar fata ba ja yake fitowa ba, wurin ƙara duhu yake ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi ɗumi ko tauri fiye da kewayensa, don haka ma'aikacin da ba a koya masa wannan ba sai ya wuce shi har sai ya fashe.

Ni dai al'adata yanzu in na je wajen Goggo, bayan gaisuwa, sai in ce "Goggo bari in ga ƙafar nan", in cire safa in ɗaga dunduniya in duba. Minti 1 ne. Gida mai kyau zai iya faɗa maka makin mutuminka a ma'aunin Braden, wani ma'auni ne da ake amfani da shi tun 1987 wanda ke duba abu 6 kamar motsi, jiƙewar fata, cin abinci da jin zafi, maki daga 6 zuwa 23, kuma duk wanda ya samu 18 ko ƙasa yana cikin haɗari. Za su nuna maka jadawalin juyawa, yawanci duk awa 2, da irin katifar da suka sa masa. Amma ita ma takardar juyawar a duba ta da ido biyu, in ka ga duk layukan yini guda da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya aka cike su tsaf-tsaf, ƙarfe 2, ƙarfe 4, ƙarfe 6, babu ko lattin minti 5, akwai yiwuwar a zama ɗaya aka rubuta su. Hanya mafi sauƙi ita ce ka lura ta wane gefe yake kwance lokacin da ka shigo, ka zauna awa 3, ka ga ko wani ya zo.

Adalci dai, ba kowane gyambo ne laifin gida ba. Wani da shi ya zo daga asibiti, wani kuma yana gab da ƙarshen rayuwa fatarsa ta riga ta gaza. Abin tambaya shi ne yaushe suka gani, sun sanar da ku ko ku kuka gano, kuma me suka yi a kai.

Sai rama. Ƙa'idar da ake bi ita ce in mutum ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 1, ko kashi 10 a wata 6, ba tare da an nufa ba, dole a bincika. Mai kilo 60 ya koma 57 a wata guda ke nan. Ba sai ka ɗauki sikeli ba, zobe zai fara yawo a yatsa, haƙoran roba su daina zama, kaya su yi yawa. Shi ya sa nake cewa in sau ɗaya kawai za ka iya zuwa duba gida, ka je lokacin cin abinci. A nan komai ke fitowa fili. Ka ga ko ana zaunar da mutane sosai kafin a ba su, domin mai matsalar haɗiya in aka ba shi a kishingiɗe abincin huhu yake tafiya ya zama nimoniya. Ka ga mai ciyarwar a zaune take daidai fuskarsa ko a tsaye tana ɗura wa mutum 3 lokaci guda tana kallon waya. Ka ga faranti nawa aka kwashe ba a taɓa ba, kuma da aka kwashe ɗin an tambayi dalili ko an wuce kawai. Ruwa kuma ka riga ka ji labarinsa, ƙari a kai shi ne tsufa na rage jin ƙishi, tsoho zai iya bushewa bai ce yana jin ƙishirwa ba, daga nan sai ruɗewa, sai ciwon mafitsara, sai faɗuwa.

Baki, farce, gashi, tabarau, na'urar ji. Ƙananan abubuwa ne amma ɗan hakin da ka raina ne. Bakin da ba a gogewa yana tara ƙwayoyin da ke gangarawa huhu. Tsohuwar da aka bar tabaranta a durowa da na'urar jinta ba batir, sai a ce mantuwarta ta ƙaru alhali ba ta gani ne ba ta ji.

Wari kuma kowa na maganarsa. Gidan da ake canza wa mutane famfas dole wani lokaci ka ji wari na ɗan lokaci ya wuce, wannan ba komai. Wanda ya kama labule da kujeru, ko ƙamshin turaren feshi mai hawa kai tun daga ƙofa, shi ne abin tambaya.

Maganar magunguna kuwa sai an yi dogon numfashi. Ka shiga gida ƙarfe 11 na safe ka ga shiru, kowa na gyangyaɗi a keken guragu kai a sunkuye, sai ka ce kai gidan nan akwai natsuwa. Wani lokaci natsuwar ta kwalba ce. Akwai magungunan taɓin hankali irin su haloperidol, risperidone, quetiapine da olanzapine da ake ba masu cutar mantuwa don su daina yawo da ihu da faɗa, saboda mai barci ba ya buƙatar ma'aikaci. Tun 2005 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sababbin irin waɗannan magunguna, cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa da kamar ninki 1.6 zuwa 1.7, a 2008 ta haɗa da tsofaffin magungunan ma. A 2012 aka ƙaddamar da shirin rage amfani da su, alƙaluman mazauna gidajen da ake ba maganin suka sauko daga kusan kashi 24 cikin 100 zuwa wajen kashi 15, kowa ya yi murna. Sai a 2021 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa tunda ba a lissafa masu cutar sikizofiriniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, a cikin alƙaluman, wasu gidaje sai suka koma laƙaba wa tsofaffi wannan cutar, har ya kai mutum 1 cikin 9 na mazauna gidajen wai yana da ita, cutar da galibi a ƙuruciya take bayyana ba a shekara 80 ba. A 2023 CMS ta fara bin gidaje tana tantance wannan. Ka ga yadda ake yi, da zarar an ce ga abin da za a auna sai a nemo hanyar gyara alƙalamin maimakon gyara aikin.

Ba ina cewa maganin haramun ba ne, akwai wanda yake buƙatarsa da gaske. Amma kana da haƙƙin ka nemi jerin magungunan mutuminka, ka tambayi kowane ɗaya na mene ne, wa ya rubuta, yaushe za a sake dubawa, kuma me aka gwada kafin a kai ga magani. Domin sau tari tsohon da ke ihu ciwo yake ji, ko fitsari ya matse shi, ko ciki ya ɗaure, ko tsoro yake ji, bakin faɗa ne ba shi da shi. In mahaifinka da ke hira da kai makon jiya yau ya koma ba ya iya ɗaga ido, yawu na zuba, tafiya ta canza, fara da tambayar wane sabon magani aka ƙara.

Ɗaure mutum ma haka. Kafin dokar gyaran gidajen jinya ta 1987 a Amurka, kusan kashi 40 na mazauna ana ɗaure su a gado ko kujera da sunan kar su faɗi, yanzu abin ya ragu ƙwarai saboda an gane ɗaurin na kashe ƙarfin ƙafa, yana kawo gyambo, wasu ma shaƙewa suke. Amma ɗauri ba sai da igiya ba, kujera mai zurfi da mutum ba zai iya tashi ba, ko teburin da aka tokare shi da shi, ko ƙarafan gefen gado da aka ɗage duka, duk ɗauri ne. Wannan ya kawo ni kan faɗuwa, inda ni ra'ayina ya saɓa da na mutane da yawa: gidan da ya ce maka ba a taɓa faɗuwa a wurinsu ba, tsoronsa nake ji. Ko dai ba sa rubutawa, ko kuma ba sa barin kowa ya taka. Tsofaffi masu tafiya dole wani ya faɗi. Abin da nake so in ji shi ne bayan faɗuwar me aka yi, an duba magungunansa, an duba takalmi da hasken ɗaki, an gano ko hanyar bayi yake nema da dare ba wanda ya amsa ƙararrawa?

Toh ina amfanin taurari da rahoton sifetoci? Suna da amfani, amma a san iyakarsu. A Amurka tun 2008 ake ba gidaje tauraro 1 zuwa 5 a shafin intanet na Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, ana haɗa abu 3: sakamakon binciken sifetoci da ke zuwa ba sanarwa duk wata 9 zuwa 15, yawan ma'aikata, da ma'aunan lafiyar mazauna. Na ukun nan mafi yawansa gidan ne da kansa ke kai rahoto, kamar ɗalibi ne ke yi wa kansa maki. Na ma'aikata ya ɗan fi inganci tunda aka koma ɗaukarsa daga takardun biyan albashi. Na sifetoci kuma da gidajen jiharsu ake gwada su, kashi 10 na sama su samu 5, kashi 20 na ƙasa su samu 1, don haka tauraro 5 a wata jiha ba lallai ya yi daidai da na wata ba. A Ingila hukumar CQC ce ke sa ido a kan gidajen, tana tambaya 5, ko gidan na da aminci, ko kulawar na aiki, ko akwai tausayi, ko ana biyan buƙatar kowa, ko shugabanci na da kyau, sai ta ba da ɗaya daga matsayi 4. Matsalar can ita ce rahoto kan iya tsufa, an canza manaja sau 2 an sayar da gidan ma amma tsohon matsayin na nan manne a ƙofa.

Ni yadda nake amfani da su shi ne, ƙaramin maki yana nufin a yi hattara sosai, babban maki kuma ba ya nufin a saki jiki. Kuma kar ka tsaya a tauraron, buɗe rahoton ka karanta. Laifin rashin sa kwanan wata a jikin kwalin abinci daban, laifin barin mutum da karaya kwana 2 ba a kira likita ba daban. In laifi ɗaya ya maimaitu shekara 3 a jere, wannan ba kuskure ba ne, hali ne. Sannan a tuna gidan da ke karɓar marasa lafiya masu tsanani alƙalumansa za su fi muni a kan na gidan da ke zaɓar masu sauƙi, ko da na farkon ya fi iya aiki.

Akwai kuma abin da babu ma'aunin da ke kama shi sosai, mutunci. Ka tsaya a baranda minti 15 kamar kana jiran wani, ka saurara. Ana ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga? Ana ja labule in za a canza wa mutum kaya? Da sunansa ake kiransa ko "mai ɗaki 12"? Ma'aikata 2 na juya tsoho suna hirarsu a kansa kamar buhu suke ɗagawa, ko suna gaya masa "Baba za mu juya ka yanzu"? In ƙararrawa ta yi ƙara ka duba agogo ka ga minti nawa. Kayan jikinsa nasa ne ko na wani aka sa masa? Yana da ikon cewa yau ba na son tashi da wuri, ko sai an tashe shi ƙarfe 5 saboda masu aikin dare su rage wa na safe aiki? Labarin zuciya a tambayi fuska, ka dubi fuskar tsohon lokacin da ma'aikaci ya shigo, sakin jiki yake ko ƙanƙamewa.

Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo cewa a binciken da aka yi a irin waɗannan cibiyoyi, ma'aikata 2 cikin 3 sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda kafin a tambaye su, yawanci na tsawa da wulaƙanci. Sai dai kar a yi saurin yanke hukunci da ganin tabo, fatar tsoho siririya ce, mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin ɗan gogawa kaɗan sai wuri ya yi baƙi. Tabon da ke cikin damtse ko wuyan hannu mai kama da shatin yatsu, ko a cinya ta ciki, ko wanda kowane ma'aikaci ke ba da labarinsa daban, shi ne ba a yin shiru a kai.

Gwaji na ƙarshe da na fi yarda da shi shi ne kai ƙorafi. Duk gida sai an yi kuskure, bambancin yana wajen abin da ke biyo baya. Ka rubuta kwanan wata da lokaci da abin da ka gani, ka faɗa wa nas mai kula da sashen, in ba a gyara ba ka rubuta wa manaja, in abin ya ci tura akwai hukumar sa ido, a Amurka ma kowace jiha na da jami'in karɓar koken mazauna kyauta. Ka nemi a zauna da kai a kan tsarin kulawar mutuminka, a ga abin da ka roƙa ya shiga rubuce, don kar ya tafi da wanda ka gaya wa in ya bar aiki. Sannan ka dinga sauya lokacin zuwa, yau safe, jibi dare, wani lokaci Asabar ko ranar hutu da ma'aikata suka fi ƙaranci.

Da na kai maganar kofin Goggo, nas ɗin ba ta yi musu ba, ba ta ce "ai mun rubuta" ba. Cewa ta yi zo mu je, ta ja teburin da hannunta ta mayar da shi ɗaya ɓangaren, ta sa aka kawo kofi mai hannu da murfi da tsinken zuƙa, ta rubuta a allon da ke saman gado cewa komai a ajiye ta dama, har da maɓallin ƙararrawa, wanda sai a lokacin na lura shi ma a hagun yake rataye. Bayan kwana 9 na sake zuwa da dare, wata ma'aikaciya ce daban da ban taɓa gani ba, teburin na dama, kofin saura rabi.